Wa Ke Biyan La'adar Dillalin Gida?



Kowace shekara, in an gama girbi an saida wake da gujiya da aya, ko albasa ta yi kuɗi, ko ƴan biɗa sun komo daga Najeriya, Libiya ko Abijan, akan samu wanda ya ce a ransa: «Bana zan sayi gida a birni.» Wani yana so ɗiyansa su samu wurin zama kusa da lakwal. Wani yana so ya aza kuɗinsa cikin abin da fari ba ya kashewa. Wani kuma tsufansa yake tunani. Sai ya kama hanyar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Ƙwanni, ko Yamai, da gumin shekara goma cikin aljihu.

In ya isa, bai san wane gida ake saidawa ba. Gida ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa kamar rago. Dole ya biɗi dillali. Dillali kuwa yana da la'ada. A nan tambayarmu ta yau take. Wa ke biyan wannan la'ada, mai saye ko mai saidawa? Kuma wa ya kamata ya biya?

Kada ka ce wannan ƙaramar magana ce. La'adar gida guda tana iya kai kuɗin saniya, ko ta fi. Ta raba abokai, ta kai mutane gaban alƙali. Kuma bayanta akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi: lokacin da ake cinikin, dillalin nan na wane ne?

Dillali yana cin guminsa

Mu fara da ba dillali haƙƙinsa. Kowa cikinku ya san kasuwar bisashe. In baƙo ya kawo saniya, dillali ne ke karɓar igiya. Shi ya san mai dabbar, shi ke tsaya masa cewa ba ta sata ba ce. In bayan kwana uku wani ya zo ya ce saniyarsa ce aka sace, wurin dillali za a nufa. Mata ma sun san dillaliya, mai bin gida gida da zane da kwanoni da ƴan kunne, tana saida wa matar da ba ta fita. Sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa, ta riga zuwan Nasara.

Dillalin gida ma haka yake. Ya san unguwar da ruwa ke kwanciya da damina. Ya san gidan da yake gado ne ba a raba ba tukuna. Ya san filin da aka taɓa saida wa mutum biyu. Ya sha rana, takalminsa ya ƙare, ya ƙona mai a babur. Yakan nuna gida ga mutum goma, tara su tafi ba su ba shi ko na goro ba. La'adar da ya samu ga na goman ita ke biyan wahalar taran.

Malamanmu ma ba su hana ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta a yi wa mutum alkawarin lada a kan wani aiki, kamar saida kaya, ya karɓa in aikin ya kammala. Saboda haka la'ada ba roƙo ba ce, ba kuma ƙwace ba ce. Ladan aiki ce.

Hannun da ya miƙa da aljihun da ya ragu

In ka tambayi wa ke biya, amsa ba ɗaya ba ce. Wani wuri mai saidawa ne. Wani wuri mai saye ne. Wani wuri kowa yana ba da nasa. Al'ada ce, kuma kowace kasuwa da tata.

Amma ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce wani mutum yana da gida, yana so miliyan 4 su shiga hannunsa ba ragi. An ce masa la'ada jika 200 ce, wato 5 cikin 100 na miliyan 4, kuma shi zai biya. Me zai yi? Zai ce kuɗin gidansa miliyan 4 da jika 200. Kai mai saye ka biya haka, ka koma gida kana murna: «Ni ban ba dillali ko dala ba.» Alhali jika 200 ɗin nan daga aljihunka suka fito. Hannun mai gida kawai suka bi.

Yanzu mu juya. A ce miliyan 4 da jika 200 ne duk abin da ka mallaka, kuma an ce kai za ka biya la'ada. Sai ka ware jika 200 na dillali, ka taya gidan miliyan 4. Mai gida ya sallama yana cewa: «Ni ba a cire mini komi ba.» Alhali da ba la'ada, da kana iya ba shi miliyan 4 da jika 200.

Dubi lissafin biyu. Cikin kowane, mai saye ya fitar da 4,200,000. Mai gida ya riƙe 4,000,000. Dillali ya samu 200,000. Abin da ya sake kawai shi ne hannun da ya miƙa kuɗin.

To, wa ya ji nauyin da gaske? Wannan ya danganta ga wanda ya fi matsuwa. Dubi matar da mijinta ya rasu, magada suna jiran rabo. Dubi mai maras lafiya a asibiti, ana jiran kuɗin magani. Dole su saida cikin sati guda. Ba su da halin ƙara kuɗin gida don su rufe la'ada, su za su haɗiye ta. Dubi kuma baƙon da ya zo daga ƙauye, zaman birni yana cin guzurinsa, hadari ya fara haɗuwa, yana so ya koma gona. Ba shi da halin tsayawa taya. Shi zai haɗiye ta, ko da an ce mai gida ne ya biya.

Ka riƙe wannan: wanda ya fi matsuwa shi ke biyan la'ada, ko wane hannu ya miƙa ta. Shi ya sa maganar ta zama maganar adalci. Nauyin yawanci bisa mai rauni yake faɗawa, shi kuwa bai ma san ya ɗauka ba.

Kowa ya ci ladan kuturu

Wani zai ce: in haka ne, tambayar wa ke biya ba ta da amfani. Tana da amfani ƙwarai, amma ta wani gefe. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ba dillali la'ada, amanarsa ya saya.

Mai gida yana son tsada. Mai saye yana son araha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yana so a yi shiru. Mai saye yana so a nuna masa wurin. Mutum guda ba ya ja wa kowa a lokaci guda. Ba a tauna taura biyu a baki.

Ga ramin da baƙo ke yawan faɗawa. Dillali ya tarbe shi a tasha, ya kai shi masauki, ya ce masa: «Alhaji, ni naka ne.» Suka yi kwana uku suna yawo tare, suna cin tuwo kwano ɗaya. Baƙo ya saki jiki, ya faɗa masa nawa ke cikin aljihunsa. Ashe mai gida ne ya sa dillalin aiki, kuma shi zai biya shi. Kafin gari ya waye, maganar ta isa kunnen mai gida. Sai kuɗin gidan ya zama daidai da abin da ke aljihun baƙo. Dillalin ya yi aski ga wanda ya ba shi lada, wannan ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne ya bar baƙo yana zaton nasa ne. Kuma laifi ne babba, don da wannan zaton aka buɗe aljihun baƙo.

Akwai wani abu kuma, ko da kai ne ka sa dillali aiki da kanka. In kun yi da shi cewa ladansa 5 cikin 100 ne, lissafa ka gani. Gidan miliyan 4, ladansa jika 200. Gidan miliyan 5, ladansa jika 250. Duk ragin da ya samo maka, ragi ne ga nasa ladan. Ka sa mutum aikin da in ya yi shi da kyau zai yi asara. Mutanen kirki suna yi duk da haka. Amma bai kamata ka aza wa mutum jarrabawa irin wannan ba. Ya fi kyau mai saye ya yanke wa dillalinsa kuɗi tsayayye, ko gidan ya yi tsada ko ya yi araha.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Kada ka yi zaton wannan matsala ta ƙauyawa ce, ko ta waɗanda ba su yi karatu ba. Ƙasashe masu arziki ma sun yi fama da ita, har zuwa shekarun nan.

A Amurka, an daɗe al'ada ita ce mai saida gida ya biya la'ada duka, yawanci 5 ko 6 cikin 100 na kuɗin gidan. A can ciniki guda yakan samu dillali biyu, na mai gida da na mai saye. La'adar da mai gida ya biya ita ake raba musu. Wato mai gida ne ke biyan mutumin da aikinsa shi ne ya rage masa kuɗin gida. Mai saye kuma yana ganin dillalinsa kyauta yake masa aiki. Ba ya tambayar nawa ne, ba ya biɗar ragi. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. La'adar tana cikin kuɗin gidan.

Waɗansu da suka saida gidajensu suka kai ƙara a jihar Misuri. A watan Oktoba na 2023, kotu a birnin Kansas ta samu babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, tare da waɗansu kamfanoni, da laifin haɗa baki don la'ada ta zauna sama. Aka yanke musu biyan kusan dalar Amurka miliyan 1,800. Dalar Amurka ba dalarmu ta tamma biyar ba ce, a lokacin guda ɗaya ta fi dalarmu ɗari. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta yi sulhu. Ta yarda ta biya dalar Amurka miliyan 418, ta kuma sake ƙa'idodinta. Daga ranar 17 ga Agusta 2024, mai saye da dillalinsa sai sun rubuta yarjejeniya kafin a shiga nuna masa gida, a faɗi nawa ne ladan dillalin. Mai gida yana iya ɗaukar biyan in an shirya haka, kuma da yawa suna ɗauka. Abin da ya sake shi ne yanzu mai saye ya san akwai lada, ya san nawa ne, yana iya tayawa.

A Jamus abin ya zo ta ɗaya gefen. A da, a garuruwa kamar Balin, mai gida ne ke kiran dillali, amma mai saye ke biya duka. Daga ranar 23 ga Disamba 2020, doka ta ce in mutum zai sayi gidan zama, wanda ya kira dillali ba ya aza wa ɗayan fiye da rabi. In dillalin na su biyu ne, kowa ya biya rabi.

A Faransa, tun dokar 1970, dillalin gida sai yana riƙe da takardar izini daga wanda ya sa shi aiki. Cikinta an rubuta nawa ne la'ada da wanda zai biya. Kuma ba ya karɓar ta sai ciniki ya kammala.

Mu ma ba a bar mu ba ma'auni ba. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙulla yarjejeniyar OHADA a 1993 don su haɗa dokokin kasuwanci. Dokar kasuwanci ta 1997, wadda aka sabunta a 2010, ta yi maganar dillali. In mai saidawa kaɗai ya sa shi aiki, ba a aza wa mai saye la'ada. In mai saye kaɗai ya sa shi, shi zai biya bayan kuɗin kaya. In su biyu suka sa shi, su shirya da shi yadda za su raba. Don ƴan kasuwa aka rubuta ta, amma ma'aunin yana da kyau ga kowa.

Ka ga kowace ƙasa da hanyarta. Amma duk sun haɗu a wuri guda: a san la'ada, a san mai biyanta, tun ba a yi ciniki ba. Ga amsar da nake ba ka. Wanda ya aiki dillali shi ya biya shi, kuma ɗayan ya sani. Gaskiya ne kuɗin zai iya komawa cikin kuɗin gidan, kamar yadda muka lissafa. Amma ka samu abu biyu. Ka san dillalin na wane ne, sai ka san abin da za ka faɗa gabansa. Ka kuma san akwai la'ada cikin kuɗin, sai ka sa ta cikin tayinka.

La'adar ɓoye

Yanzu mu zo ga abin da ya fi cutar mutane. Mai gida ya ce wa dillali: «Miliyan 4 nake so.» Dillali ya ce wa mai saye: «Miliyan 5 ne, ya rantse ba ya ragewa.» Sai ya hana su haɗuwa. Yau ya ce mai gidan ya yi tafiya. Gobe ya ce ba ya so a san yana saidawa. Aka tsaya bisa miliyan 4 da rabi. Ya kai wa mai gida miliyan 4, ya sa jika 500 a aljihu. Sannan ya miƙa hannu ga mai gida don la'ada, ya miƙa ga mai saye don la'ada. Ya ci sau uku cikin ciniki guda.

In ka yi masa magana zai ce: «Wa na cuta? Mai gida ya samu abin da ya faɗa da bakinsa. Mai saye ya yarda da bakinsa.» Maganar tana da kamar gaskiya, saboda haka mu duba ta. Mai saye ya yarda, amma bisa me? Bisa rantsuwar da ba a yi ba. Mai gida ya karɓi miliyan 4, amma don an ɓoye masa cewa an taya fiye da haka. Yardar da aka samo da ƙarya ba yarda ba ce. Jika 500 ɗin nan na ɗaya daga cikinsu ne, ko na su biyu. Ba na dillali ba ne.

Wani lokaci mai gida da kansa ke cewa: «Kawo mini miliyan 4, abin da ya hau naka ne.» Malamai sun saɓa a kan wannan. Waɗansu sun yarda, tunda mai kaya ne ya ba da izini. Waɗansu sun ƙi, don ladan ba a san iyakarsa ba. Amma ba wanda ya halatta ƙarya. Ba wanda ya halatta ɓoye aibin gida, kamar bangon da ya tsage aka shafe shi da siminti jiya. Ba wanda ya halatta a kawo aboki ya yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau, abin da malamai ke kira najashi.

Ga gwaji mai sauƙi ga kowane dillali. Abin da ka ci cikin cinikin nan, kana iya faɗinsa gaban mai gida da mai saye suna zaune tabarma guda? In kana iyawa, la'ada ce, Allah ya sa mata albarka. In ba ka iyawa, ka san sunanta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kada mu aza wa dillali laifi duka. Mu masu saye da masu saidawa muna da namu. Dillali ya nuna maka gida da rana. Da dare ka koma kai kaɗai, ka yi sallama da mai gida, ka ce: «Mu shirya tsakaninmu, mu raba kuɗin dillali.» Kun ga kamar wayo kuka yi. Amma wa ya nuna maka ƙofar? Ka ci gumin mutum. Da wannan da hana ɗan ƙwadago ladansa bayan ya gama noma, duk ɗaya ne.

Kuma ka lura, wannan wayon shi ke koya wa dillalai ɓoye mai gida. Wanda aka zagaye sau biyu, na uku ba zai bari ku haɗu ba. In ya hana ku haɗuwa, ƙofar la'adar ɓoye ta buɗe. Haka cuta ke haifar cuta, har kasuwa ta zama ba mai yarda da kowa. Mai asara a ƙarshe shi ne baƙo da gwauruwa, waɗanda ba su da ƙarfin ja.

Maganar kunya

Na san abin da ke hana mutane tambaya. Kunya ce. Dillalin dattijo ne, ko suruki, ko ɗan garinku. Yaya za ka dubi idonsa ka ce nawa ne ladanka?

Amma dubi al'adarmu. Ranar ɗaurin aure ana faɗin sadaki da ƙarfi gaban shaidu, ba wanda ya ce rashin kunya ne. Ɗan ƙwadago ba ya ɗaukar hauya sai an yanke ladansa. Me ya sa gida, wanda ya fi su duka kuɗi, za a bar shi cikin duhu? Ana iya tambaya da ladabi: «Baba, don kada Shaiɗan ya shiga tsakaninmu, a faɗa mini ladan wahalarka tun yanzu, da wanda zai biya.» Dillalin kirki zai ji daɗi, don shi ma ya samu tabbacin ladansa. Wanda ya husata da wannan tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Abin da za ka yi in ka tashi sayen gida

1. Tun ranar farko ka tambayi dillali wa ya sa shi aiki. In mai gida ne, ka girmama shi, amma kada ka faɗa masa abin da ke aljihunka.

2. A yanke la'ada tun ba a fara yawo ba: nawa ce, wa zai biya, yaushe. La'ada ɗaya ce. In ranar biya mutum biyar suka bayyana, kowa yana cewa shi ya fara jin labarin gidan, su raba ta tsakaninsu.

3. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga mai gida ido da ido, ya faɗi kuɗin da bakinsa gaban shaidu. Kuɗin gida a hannun mai gida ake sa shi.

4. Ka ga takardun gidan, ka kai su ma'aikatar gari a duba. In gado ne, ka ji daga bakin magada duka. In gona ce ko fili a karkara, akwai kwamitin filaye da ake ce wa Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kawo, yana ba da takardar shaidar ciniki. Kuɗin takardu da harajin gwamnati daban suke da la'ada, ka tambaye su tun farko.

5. In ciniki ya faɗa, ka biya dillali ranar nan, cikakke, ba sai ya yi ta sintiri ƙofar gidanka ba.

Kuma ku rubuta. Ba sai da Faransanci ba. Layi huɗu da Hausa, da boko ko da ajami, sun isa su tuna wa kowa abin da aka faɗa:

«Ni wane ɗan wane, na sa wane ya biɗo mini gida a gari kaza. In ciniki ya faɗa, zan ba shi jika kaza ranar da aka biya kuɗin gidan. Ba zai karɓi komi ga mai gida ba sai da sanina. An yi gaban wane da wane, ranar kaza ga watan kaza.»

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kowa ya riƙe tasa.

Ɗan'uwa, gida wurin kwana ne na shekara da shekaru, ɗiyanka da jikokinka za su gāje shi. Bai kamata ka shiga cikinsa kana zargin an cuce ka ba, ko wani yana kuka da kai a waje. Dillali ya ci ladansa a fili. Mai gida ya san abin da aka taya. Kai ka san abin da ka biya da wanda ya karɓa. In an yi haka, ko gobe kuka haɗu a masallaci ko a kasuwa, kowa yana iya miƙa wa ɗan'uwansa hannu.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka.